Goron Kawu da Gudun Kwamfutata

Na manta abubuwa da yawa a rayuwata, har da waɗanda bai kamata in manta ba, amma ba zan taɓa mantawa da bikin Balkisa ba, 'yar Kawuna Idirisu na Djougou. Sauran dangi suna tuna bikin nan da sakwara da wagashi, wato cukun Fulani, da aka ci. Ni kuwa har yau idan na ji an ɓare goro kusa da ni, sai kunnuwana su ɗauki zafi.

Ina zaune ne a Kpébié, cikin Parakou, sana'ata ɗaukar bidiyon biki da suna, in gyara in haɗa. A dangi ana kirana Injiniya (ban taɓa taka ƙofar makarantar injiniyoyi ba, rediyon wata gwaggona na gyara ta hanyar juya mata batir, sunan ya bi ni). Kwamfutar da nake aiki da ita irin ta tebur ce, da hannuna na haɗa ta, kuma ina ji da ita fiye da yadda ya kamata mutum ya ji da ƙarfe. A cikinta akwai wasu 'yan sanduna guda biyu da muke kira baret, wasu kuma su ce RAM. A kansu kwamfuta ke baza aikin da take yi a lokacin, kuma kowace tana da gudun da aka yi ta da shi. Ta farko sabuwa na saye ta, kwalinta ya ce tana gudun 3200. Ta biyu na same ta ne daga baya a hannun wani mai gyara, kalarsu ɗaya, tsawonsu ɗaya, sai na soka ta kusa da 'yar uwarta ban tsaya dogon bincike ba.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, duk lokacin da na duba, sai kwamfutar ta nuna mini 2666. Kwali ya ce 3200, ita ta ce 2666. Na ɗauki abin a matsayin raini. Sai na shiga BIOS, wato wurin da ake ba kwamfuta umarni tun kafin ta gama farkawa, na tilasta mata 3200. Ta tashi lafiya. Da na ga haka sai kwaɗayi ya kama ni, na ce tunda ta iya wannan, me zai hana 3600? Na ƙara mata 'yar wuta, na matse mata lokutan jira, na zauna ina kallon lambar ina murmushi ni kaɗai kamar wanda aka yi wa albishir. Daga ranar ta fara sabon hali. Ina tsakiyar aiki sai allon ya koma shuɗi, ta mutu, ta sake tashi. Wani lokaci ta kai bidiyo kusa da ƙarshe sannan ta watsar. Lokacin bazara ne, zafi kamar ya dafa mutum, don haka na yanke hukunci nan take cewa zafi ne ke damun baret ɗina. Ban zargi kaina ba ko sau ɗaya.

Ana cikin haka bikin Balkisa ya matso, ni kuma na riga na cika baki a gaban mata cewa bidiyon lalle da na ɗaurin aure za su kalla tun kafin a kai amarya. Sai na naɗe kwamfutar da bargo, na rungume ta a cinya cikin taksin Djougou, har direba yana tambayata ko jariri ne.

Wanda bai san gidan Kawu Idirisu ba sai na yi masa bayani kaɗan. Kakanninmu fatake ne, goro ya kawo su Djougou, kuma a kan goro suka zauna. Kawu shi ne ya gaji sana'ar a gidanmu. Ba shi da mota, ba shi da bene, abin da yake da shi suna ne: idan aka ce goro daga hannun Idirisu ya fito, ba a dubawa. Saboda wannan sunan ne ma dangin ango, mutanen Nijar masu manyan motoci da ke zaune a Tourou, gab da Parakou, suka karya al'ada. Maimakon su zo da goron ɗaurin aure kamar yadda aka saba, baffan ango, Alhaji Ɗanjuma, ya ce da Kawu:

"Malam Idirisu, in muka ɗauko goro muka kawo gidanka ai mun yi abin dariya. Kai ka zaɓa mana, mun ba ka amana."

Kawu ya ɗauki maganar nan da nauyi ƙwarai. Ya kwance huhun da ya fi so, ya zauna ya tsince marsa zalla, manya-manya, fari da ja, ya jera su a manyan faya-fayai, ya lulluɓe da ɗanyen ganye, ya ɗora jiƙaƙƙen buhu a kai. Ya ajiye su a ɗakin goro, wani tsohon ɗakin ƙasa mai kaurin bango da ke can ƙuryar gida, wanda ko da tsakar rana ka shiga sai ka ji sanyi ya ratsa ka.

Ni da na leƙa ɗakin nan, goro ban gani ba, sanyin kawai na ji. Na ce a raina, ga maganin baret ɗina.

"Kawu, ko za ku ba ni aron ɗakin nan in ajiye ordinatar, kwamfutar nan tawa? Zafi ke hana ta aiki."

Kawu yana shirin tafiya Parakou ne a lokacin, zai yi wata ta'aziyya, daga nan ya taho da baƙin biki. Ya dube ni, ya dubi ɗakin, ya zaro makulli daga aljihu.

"To, ya ma yi daidai. Tunda kana ciki, ka riƙa yayyafa wa buhun nan ruwa safe da yamma. Kada ka bari ya bushe, ka ji ko?"

"Na ji, Kawu. Pas de problème, ba matsala."

(Ban ji ba. Kunnena ya ji, amma hankalina yana wurin lissafin ko wayar wuta za ta kai daga zaure zuwa ɗakin.)

Na jawo doguwar waya, wadda ta sa dole ƙofar ta zauna a buɗe. Na kwance murfin kwamfutar na gefe domin ta sha iska. Sai na lura ɗakin akwai danshi, kuma kowa ya san danshi da lantarki ba sa ga maciji. Na waiga, na ga daga ina danshin ke fitowa, na ɗage jiƙaƙƙen buhun nan da yatsa biyu na kai shi waje na shanya a kan igiya, da niyyar in mayar idan na gama. Na buɗe 'yar tagar ɗakin. Sannan na aro babbar fankar Inna Asibi, matar Kawu, na kafa ta a gaban kwamfutar, na murɗa ta har ƙarshe. Iska ta shiga ta gaba, ta kwashi zafin injin, ta fita ta baya. Abin da ke bayan kuwa ban tsaya na duba ba, ai ba shi na zo yi ba.

Akwai wata manhaja da ake gwada baret da ita. Tana cika su da lissafi, ta sa kwamfutar aiki ba hutu, idan an sami kuskure sai ta fito da jan layi. Gwajin yana cin lokaci, kuma yana sa injin ya ɗauki zafi sosai. Na kunna, na jira, jan layi ya fito. Na ƙara wuta, jan layi. Na rage wuta, jan layi. Na sassauta lokutan jira, ta ɗan yi nisa har na fara godiya ga Allah, sai ga ja ya sake bayyana. Na musanya wa sandunan rami. Na hure ramukan da baki. Abu ɗaya ne kawai ban yi ba, shi ne in sauko da lambar nan, domin a ganina saukowa faɗuwa ce. Haka na yi kwana da kwanaki a ɗakin, in fita in ɗauki bidiyon lalle in dawo, fanka ba ta huta ba, kwamfuta ba ta huta ba. Na ga ganyaye suna yawo a tsakar ɗaki, sun bushe ƙayau, har na share su na zubar don kada fankar kwamfuta ta zuƙe su.

Inna Asibi ta leƙo sau ɗaya tana neman tire.

"Kai Injiniya, ɗakin nan ya koma gidan burodi! Lafiya?"

"Aiki ne, Inna. Ça va aller, komai zai daidaita."

Tana da baƙi cike da gida, ta ɗauki tirenta ta wuce.

Jajibirin ɗaurin aure da yamma na ji hayaniyar isowar Kawu da baƙi. Sai a lokacin maganarsa ta faɗo mini. Na yi wuf na cire buhun daga igiya, ya bushe kamar kilishi, na tsoma shi a bokiti, na shimfiɗa a kan faya-fayan yana ɗigar ruwa. Ban ɗaga na kalli goron da kyau ba, kuma ina jin da gangan idona ya ƙi kallo. Kawu ya tare ni a tsakar gida, mutane na ta jan hannunsa.

"Buhu da ruwa?"

"Jiƙe yake sharkaf, Kawu."

Ban yi ƙarya ba, amma ban faɗi gaskiya ba. Shi kuma, mutumin da bai taɓa kwana bai duba goronsa ba, ranar nan ya yarda da ɗan ƙanwarsa ya tafi wurin baƙinsa.

Washegari da hantsi aka taru a ƙofar masallacin unguwa. An shimfiɗa tabarmi har bakin titi, attajiran goro na kasuwa duk sun zo, har da Alhaji Salifu, wanda rumfarsa ke kallon ta Kawu, kuma suka yi shekara da shekaru kowa na cewa nasa ya fi. Ni ina ta kai da kawo da kyamara. Domin jama'a su ji siga da kyau, na maƙala wa Kawu ƙaramin makirfo a wuyan riga, na haɗa shi da lasifika (wannan ma dabarata ce, ba wanda ya sa ni). Samari suka fito da goron a tire, ruwan daren jiya ya sa yana sheƙi, daga nesa abin gwanin sha'awa.

Alhaji Ɗanjuma ya miƙa hannu ya ɗauki wani babban fari, ya ɗaga shi sama.

"Jama'a, kun ga dalilin da ya sa ban sayo goro a Parakou ba. Wannan daga hannun Malam Idirisu ya fito. Bismillah."

Na jawo hoton hannunsa kusa, domin ina son in kama lokacin da goron zai ce ƙas. Ya sa farce a tsagar, ya danna. Goro ya lanƙwashe. Ya sake dannawa, ya ƙara lanƙwashewa, kamar guntun silifa. Ya kai baki ya gatsa, ya ja, goron ya bi haƙorinsa bai rabu ba. A gefe na ga wani dattijo yana murza nasa tsakanin yatsu, wani ya ajiye nasa a hankali a kan tabarma. Duk wannan ina kallo ta cikin kyamara, kuma tun a lanƙwasar farko na gane.

Kawu ya ɗauki ɗaya. Bai ɓare ba, matsawa kawai ya yi da babban yatsa, ya kai hanci. Sannan ya ɗago kai ya neme ni cikin taro, ya yafito ni da hannu. Na durƙusa a gabansa. Ya sunkuyo ya yi ƙasa da murya domin ya rufa mini asiri.

"Ɗan nan, me ya sami goron nan?"

Sai muryarsa ta fito ta lasifika, tangaram, har masu zemijan, wato 'yan acaɓa, da ke tsaye a bakin titi suka waigo. Ni kuma ruɗewa ta hana ni lura. Na matso da bakina daidai wuyan rigarsa, daidai kan makirfon da ni na maƙala, na fara bayani.

"Kawu, ku yi haƙuri, baret ɗin ne ke zafi. Na kai ta 3600 ne sai ta riƙa ba da écran bleu, allo ya koma shuɗi, shi ne na cire buhun saboda danshi, na sa vantilatar, amma wallahi jiya na mayar..."

"Ka sa wa goro fanka?"

"A'a Kawu, ordinatar na sa wa. Goron yana bayanta ne kawai."

Wani ne ya fara tuntsirewa daga can baya, sai dariya ta bi sahu-sahu. Liman ya rufe baki da gefen rawani, kafaɗunsa na motsi. Wani tsoho mai nauyin kunne yana tambaya da ƙarfi, "Wace ce Baret ɗin? Daga dangin ango take?" Sai a lokacin na ji amsa-kuwwar muryata tana dawowa daga bangon masallaci. Na so ƙasa ta tsage in shige. Ga kyamara a hannu har lokacin tana ɗauka.

Amma dariyar ba ita ce ta fi yi mini ciwo ba. Kawu bai yi dariya ba, bai kuma yi faɗa ba. Ya cire makirfon ya ajiye a tabarma, ya miƙe tsaye, ya fuskanci dangin ango.

"Alhaji Ɗanjuma, amana ni ka ba, ba yaron nan ba. Ni ne ban duba ba. A gafarce ni."

Sannan ya juya wajen da Alhaji Salifu ke zaune.

"Alhaji Salifu, a taimaka mana da goro."

Duk wanda ke wurin ya san nauyin wannan kalma a bakin Kawu. Dariya ta ɗauke. Alhaji Salifu, Allah ya saka masa, bai ja zance ba, ya ce, "Haba Malam Idirisu, ai Balkisa 'yata ce," ya aika aka buɗe rumfarsa. Amma na ga ɗan murmushin da ya ɓoye a gemu, kuma na tabbata Kawu ma ya gani. Aka ɗaura auren 'yar Idirisu mai goro da goron Salifu, ya yi ta cewa ƙas, ƙas, a ko'ina cikin taron, kowace ƙara ina jin ta a ƙirjina.

Da aka watse na koma ɗakin, ba don ina da sauran sha'awar komai ba, sai don ba ni da fuskar zama cikin mutane. Na kashe fankar. Na cire ɗan batirin da ke jikin babban allon kwamfutar domin ta manta duk umarnin da na ba ta, na zare sandunan biyu, na fito da su bakin ƙofa wurin haske. A jikin ta biyun, wadda na saya a hannu, akwai 'yar takarda manne a gefe, wadda duk musanyar da na yi a duhun ɗakin ban taɓa tsayawa na karanta ba. An rubuta 2666 ƙuru-ƙuru. Ashe tun farko kwamfutar ba raina ni take yi ba, ta ga ɗaya ba ta iya gudu ne ta daidaita tafiyar da ita. Zafi bai taɓa zama matsalar ba. Ko cikin firji na sa ta, jan layin nan sai ya fito.

Na mayar da su, na bar ta a gudunta na asali, na ɗauke ta na kai zaure inda zafi ya fi ko'ina. Ta haɗa bidiyon tun daga farko har ƙarshe ba ta yi ko tari ba. Mata suka kalla kafin a kai amarya, kamar yadda na yi alkawari (na yanke wurin da kuka sani, amma a banza, domin waya nawa ce ta ɗauka a wurin).

Kafin in koma Parakou na je sallama. Na tarar da Kawu a ƙofar ɗakin goro, ya baza marsan nan da suka yi yaushi a gabansa, yana juya su ɗaya bayan ɗaya, ko akwai na ceto. Na durƙusa na ba shi haƙuri, ya ce ya wuce. Can ya ce, ba tare da ya dube ni ba:

"Wai me kake nema a cikin abin nan ne, da ka hana shi hutawa?"

"Sauri, Kawu. So nake ta riƙa gama aiki da wuri."

"Da ka samu, da wurin nan kamar yaya?"

Na yi lissafi a zuci, na so in ƙara gishiri, na ga ba ranar ƙarin gishiri ba ce.

"A bidiyo irin na Balkisa, kamar lokacin da mutum zai yi alwala."

Ya dakata da juya goron. Ya daɗe yana kallon wanda ke hannunsa.

"Alwala," ya ce. Ya gyaɗa kai a hankali. Sannan ya miƙo mini goron. "Ungo, ka ci a hanya. Naka ne."

Na ci kuwa, don ban isa in ƙi ba. Tun daga tashar Djougou nake tauna shi, muka wuce ƙauyuka, muka shiga Tourou, bai narke ba, ɗacinsa kawai ke sauka. A cikin motar nan na yi tunanin da ban yi ba duk kwanakin da na yi a gaban allo. Sauri ya haifi nawa, wannan kowa ya sani, ni ma na sani tun ina yaro kuma bai hana ni komai ba. Abin da ban sani ba shi ne zafi ba ya ɓacewa don ka kore shi daga kanka, wuri kawai yake sauyawa, kuma yawanci kan wanda ya yi shiru a bayanka yake sauka. Kwamfutata har yau tana nan a 2666, muna zaman lafiya. Ni kuma yanzu ko fankar ɗakina zan kunna, sai na fara leƙawa na ga wa ke bayanta.